Kulorosilen: Sinadarin da ba ya ga maciji da ruwa

Da misalin ƙarfe 2:00 na ranar Alhamis, 9 ga Janairun 2014, wasu ma'aikata a masana'antar kamfanin Mitsubishi Materials da ke birnin Yokkaichi na ƙasar Japan suka taru domin cire murfin wata babbar na'urar sanyaya gas, da nufin su wanke ta.

An riga an cire na'urar daga layin aiki tun makonni kafin ranar. Amma murfin na buɗewa sai ta fashe. Mutum biyar suka mutu, wasu 13 suka jikkata.

Kwamitin da ya binciki lamarin ya gano cewa dattin da ya taru a cikin na'urar ragowar wasu sinadarai ne da ake kira kulorosilen. An yi ta hura musu iskar naitirojin mai danshi domin a kashe ƙarfinsu. Danshin ya sauya su zuwa wani abu dabam, wanda da ya bushe, ɗan bugu kaɗan ya ishe shi ya tarwatse.

Wato ruwan da aka kawo domin magani, shi ne ya shirya bala'in.

Daga yashi zuwa gam ɗin taga

Ba kowa ne ya taɓa jin sunan kulorosilen ba, amma da wuya a samu gidan da babu abin da aka yi da shi.

Gam ɗin silikon da masu aikin gilashi da alminiyam ke liƙe taga da shi, da rigar wayar salula mai laushi, da kan bulumbotin jarirai, da wasu mayukan gashi, da bututun roba na asibiti, duk daga wannan dangi suka samo asali.

Aikin yana farawa ne daga dutsen ƙanƙara ko yashi mai tsabta, wanda ake narkarwa a fitar da ma'adinin silikon. Sai a niƙa shi, a haɗa da ɗan tagulla, a bi ta kansa da gas ɗin metil kuloraid a zafin da ya kai kusan digiri 300.

Eugene Rochow na kamfanin General Electric a Amurka ne ya gano wannan hanya a 1940, sannan Richard Müller ya gano ta shi ma a Jamus ba tare da sun haɗa kai ba. Har yau da ita duniya ke samar da mafi yawan robar silikon.

Abin da ke fitowa ruwa ne garai-garai, mai wari mai hawa kai. Uku ne suka fi shahara, kuma kowanne yana da lambarsa ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ake bugawa a jikin duro ko tanka: daimetil-daikulorosilen mai lamba UN 1162, da metil-tiraikulorosilen mai lamba UN 1250, da tiraimetil-kulorosilen mai lamba UN 1298.

Na Yokkaichi 'yan uwansu ne da ake amfani da su wajen tace silikon na kwamfuta da farantan sola. Halinsu game da ruwa kusan ɗaya ne.

Kayan da aka gama sarrafawa ba su ɗauke da wannan hatsari. Warin da ke tashi idan mai aikin gilashi ya matsa gam, a yawancin nau'o'in, irin tsamin da ke cikin binega ne. Matsalar tana tsakanin masana'anta da sito da hanya da ɗakin gwaje-gwaje, inda sinadarin yake ɗanye.

Me ke faruwa idan ya haɗu da ruwa?

A jikin kowane ƙwayar sinadarin akwai kulorin da ke manne da silikon. Da zarar ruwa ya taɓa shi, sai kulorin ɗin ya rabu ya koma gas ɗin haidurojin kuloraid, tare da zafi mai yawa. Wannan gas idan ya narke a ruwa shi ne asid ɗin haidurokulorik.

Lissafin ba ƙarami ba ne. Kilo ɗaya na daimetil-daikulorosilen zai iya fitar da fiye da rabin kilo na wannan gas, wato sama da lita 350. Duro ɗaya mai cin lita 200 yana iya fitar da fiye da kilo 100.

A gefe guda kuma, hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka, OSHA, ta ce kada gas ɗin ya wuce kashi 5 cikin miliyan a iskar wurin aiki. Cibiyar NIOSH ta ƙasar ta sanya kashi 50 cikin miliyan a matsayin matakin da ke barazana ga rai nan take.

Ba sai an watsa ruwa da bokiti ba. Danshin da ke cikin iska ya wadatar, shi ya sa kwalbar ke fitar da farin hayaƙi da zarar an buɗe ta. Haka nan gumi, da hawaye, da yawu, da laimar da ke cikin maƙogwaro da huhu, duk ruwa ne. Asid ɗin yana haɗuwa ne a kan naman jikin mutum.

A ido yana iya ƙona baƙin ido har ya kai ga makanta. A fata yana ƙuna kamar wuta. Wanda ya shaƙa zai fara da tari da zafin maƙogwaro da ƙuncin ƙirji. Abin da likitoci suka fi tsoro shi ne ruwa ya taru a huhu bayan wasu sa'o'i, lokacin da mutum ya ɗauka ya tsira ya koma gida.

Ga asid, ga wuta

Hatsari na biyu shi ne gobara. Dukkan ukun suna kama wuta cikin sauƙi. Tururin tiraimetil-kulorosilen na iya kamawa ko da sanyi ya wuce na cikin firiza, kuma yana tafasa a digiri 57 kacal. Sauran biyun suna tafasa a digiri 66 da 70.

A wuraren da zafin bazara ke haura digiri 40 a inuwa, duron da aka bari a rana yana kusantar wannan mataki, matsin cikinsa kuma yana ta ƙaruwa.

Tururin ya fi iska nauyi, don haka ba ya tashi sama. Bin ƙasa yake yi, ya sauka a kwata ko rami, har ya tarar da tartsatsi ko guntun sigari a nesa, sannan wutar ta biyo shi ta dawo kan duron. Ko zuba shi daga wani mazubi zuwa wani yana iya tara lantarkin gogayya da zai ba da tartsatsi.

A nan ne aikin 'yan kwana-kwana ke rikicewa. Idan suka ɗora tiyo a kan sinadarin da ya malale, hayaƙin asid zai ninka, ya bi iska zuwa unguwanni. Shi ya sa ake amfani da kumfa ta musamman a lulluɓe shi. Ruwa kuwa ana feshe shi ne a iska daga nesa domin ya tare hayaƙin, ko a sanyaya jikin tankunan da ke kusa, ba tare da ya shiga cikinsu ba.

Littafin kai ɗaukin gaggawa da hukumomin sufuri na Amurka da Kanada da Meziko ke fitarwa ya ce a fara da killace aƙalla mita 50 ta kowane ɓangare idan ya zube. Idan tanka ce ke ci da wuta, a ja da mutane baya mita 800.

Darasin Waukegan

Ba a wajen ruwa kaɗai dangin silikon ke ba da mamaki ba. A daren Juma'a, 3 ga Mayun 2019, masana'antar AB Specialty Silicones da ke Waukegan a jihar Illinois ta Amurka ta tarwatse, ma'aikata huɗu suka rasu.

Hukumar binciken hatsarin sinadarai ta ƙasar, CSB, ta gano cewa an zuba sinadarin da bai kamata ba a cikin tankin haɗi. Ruwan fotashiyam haiduroksaid ya gamu da wani man silikon mai ɗauke da haidurojin, sai gas ɗin haidurojin ya cika ginin.

Ma'aikatan sun ga kumfa na ambaliya daga tankin, da wani abu kamar hazo, amma babu na'urar gano gas mai aiki da za ta gargaɗe su su fice. Binciken ya kuma nuna cewa an ajiye sinadaran da ba sa jituwa a durarruka masu kama da juna.

Kuskuren ƙarami ne a ido: duro biyu, launi ɗaya.

Yadda ake mu'amala da shi

Ƙa'ida ta farko ita ce bushewa. Ana ajiye kulorosilen a rufe ruf, a ƙarƙashin busasshiyar iskar naitirojin, a wuri mai sanyi da iska ke ratsawa, nesa da famfo da rufin da ke yoyo. Ba a haɗa shi wuri ɗaya da barasar sinadari, ko soda, ko amoniya.

Muddin a bushe yake, ba ya cin baƙin ƙarfe. Danshi na shiga, asid zai fara cin duron daga ciki.

Kafin a juye shi, sai an haɗa mazuban biyu da waya an kuma sada su da ƙasa, domin kauce wa tartsatsi.

A ɗakunan gwaje-gwaje na jami'o'i da cibiyoyin bincike, ana amfani da tiraimetil-kulorosilen wajen shirya samfur kafin a auna shi a na'ura, da kuma shafe gilashi don ruwa ya daina kama shi. Ba a buɗe kwalbar sai a cikin akwatin zuƙe hayaƙi, da tabarau mai rufe ido gaba ɗaya, da garkuwar fuska, da safar hannun da takardar bayanin sinadarin ta ambata. Sirinji da kwalabe dole su bushe ƙayau.

Kwalbar da murfinta ya kafe, ko fari-fari ya taru a bakinta, alama ce danshi ya shiga, kuma wataƙila gas ya taru a ciki. Ba a murɗe ta da ƙarfi. Ragowar kuma ba a tuttule ta a wurin wanke hannu.

Idan ya zuba a jiki fa?

A nan ne mutane ke ruɗewa, domin an ce ruwa abokin gabarsa ne. Amma a jikin mutum, ruwa mai yawa ne magani. Ɗan kaɗan zai haifar da asid ya bar shi a wurin, mai yawa kuwa zai wanke shi ya tafi da zafin.

A tuɓe tufafin da ya jiƙa nan take, a yi ta kwarara ruwa na aƙalla minti 15. Idan ido ne, a buɗe fatar idon ruwan ya ratsa. Kada a shafa mai, ko man goge baki, ko toka.

Wanda ya shaƙa a fitar da shi zuwa iska mai kyau, a kai shi asibiti ko da ya ce ya warware. Wanda ya haɗiya kada a sa shi amai, domin zai sake ƙona maƙogwaron a hanyar fitowa.

Abin da ya shafi kowa

Akwai alamomin da ya kamata direba da ɗan dako da mai wucewa su sani. A allon ruwan lemo da ke jikin tankar sinadarai, lambar sama idan ta fara da harafin X, ma'anarta kada ruwa ya taɓa kayan. Ta waɗannan ukun ita ce X338. A wasu sito kuma ana zana harafin W da layi a tsakiyarsa.

Duk wanda ya ga farin hayaƙi na tashi daga motar da ta faɗi, ya nufi inda iska ke fitowa, ya hau tudu, ya kira lambar gaggawa ta 112.

Sai kuma tsofaffin durarrukan sinadarai da ake saye a kasuwa domin tara ruwa. Duron da ake ganin babu komai a cikinsa yana iya riƙe da ragowa da tururi. Wanda aka kankare takardar jikinsa, babu mai iya cewa me ya ɗauka, kuma bai kamata a zuba masa ruwa ko a kai shi wurin mai walda ba.