Sheng Long ya iso Kejetia

Teburina yana wata kwana a kasuwar Kejetia, kusa da inda ake hawa mota zuwa Aboabo. Gyaran waya nake yi, ina kuma zuba wa yara wasanni. A watan Afrilu na 2024, cikin kwana biyu, yara biyar suka zo mini da magana ɗaya: "Yaya, sa mini GTA 6." Na biyar ɗin har da hujjarsa, hoton allo da wani ya turo a WhatsApp, wai wasan ya fito a Android, kyauta. Na ce masa, "Ƙanena, wa ya fara faɗa?" Ya ce, "Kowa ma yana faɗa."

A lokacin, abin da kamfanin Rockstar ya fitar shi ne bidiyon talla na farko a Disamba 2023, kuma ya ce wasan na PlayStation 5 ne da Xbox. Ko GTA V na 2013 bai taɓa sauka a waya ba. Na bi sawun hoton har na iske asalinsa: wani shafin barkwanci ne ya wallafa shi ranar 1 ga Afrilu, ranar da Turawa suka ware don zolaya. Wanda ya fara ɗaukar hoton ya yanke saman, inda suna da kwanan wata suke. Da wannan yankan kaɗai raha ta zama labari.

Wannan cuta ta girmi intanet. A 1992 mujallar Electronic Gaming Monthly ta Amurka ta buga a fitowarta ta Afrilu cewa akwai wani ɓoyayyen gwani mai suna Sheng Long a cikin Street Fighter II. Wai sai ka ɗauki Ryu, ka gama da kowa ba tare da an taɓa ka ba, sannan ku yi zagaye goma da M. Bison babu wanda ya bugi wani, sai Sheng Long ya bayyana. Har hoton bogi suka haɗa. Sunan wanda suka ce ya aiko da sirrin, W.A. Stokins, idan ka furta shi da Turanci ma'anarsa asarar kuɗin wasa, amma mai kwaɗayi ba ya tsayawa karatun suna. Mujallun wasu ƙasashe suka kwafa ba tare da tambaya ba.

Abin da ya ba ƙaryar gindin zama shi ne akwai ɗan gaskiya a ƙarƙashinta. In Ryu ya ci wasa, rubutun Turancin kan ambaci Sheng Long, alhali kuskuren fassara ne, sunan naushinsa ake nufi, wato Shoryuken. Sannan sharaɗin ya yi tsananin da in ka gaza, kanka za ka zarga. Haka yaran Zango suke yi yau: in fayil ya ƙi buɗewa, sai su ce wayarsu ce ƙarama.

Hausawa sun ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, amma a duniyar wasanni takan yi. Kamfanin Capcom, mai Street Fighter, ya ga yadda mutane suka nace, ya kawo ɓoyayyen gwani Akuma a 1994, sannan Gouken, malamin Ryu, a Street Fighter IV a 2008. Electronic Gaming Monthly ta sake zolaya a 2002 cewa Sonic yana cikin Super Smash Bros. Melee, sai ga shi da gaske a Brawl a 2008. Shi ya sa yaro ke ce mini, "Ai wancan ma da farko cewa aka yi ƙarya ne."

Bambancin shi ne, a 1992 kwabban wasa kawai ake asara. Yau wanda ya danna mahaɗin irin wannan saƙo yakan sauke manhajar da ke cika waya da talla, ko ta nemi izinin karanta saƙonni, a wayar da lambobin momo, wato kuɗin waya, suke shigowa. Sau da yawa kuma wayar ta uwa ce, mai sayar da koko ko wake da shinkafa.

Yaron na biyar na goge masa fayil ɗin, na sa masa San Andreas, wanda ya fito a waya tun 2013. Na ce duk hoton da ya ga babu suna babu rana, ya nemi shafin kamfanin kafin ya tura. Ya gyaɗa kai, ya biya, ya kai bakin hanya, sai ya juyo: "To Yaya, in ya fito gobe za ka kira ni?"