Ciwon da ke saukowa daga ƙugu zuwa ƙafa: Abin da manoman Kafin Hausa ya kamata su sani kafin su koma kemis

Idan lokacin dashen shinkafa ya zo a fadamun Kafin Hausa, manomi kan yini a duƙe, ƙafafunsa cikin taɓo, tun hantsi har la'asar. Da kaka kuma ga yanka da lauje, ga bugu, ga ɗaukar buhu zuwa amalanke. A irin waɗannan ranaku ne mutum zai sunkuya ya ɗaga injin ban ruwa, sai ya ji wani abu ya tsarga masa daga ƙugu ya bi ta ɗuwawu da bayan cinya har ƙasan gwiwa, kamar wutar lantarki ta ja shi.

Washegari tashi daga shimfiɗa ya zama aiki. Tari ko atishawa na ƙara zafin. Zama a kan babur ya gagara, ruku'u ya gagara, ga gona tana jira.

A ƙauyuka wasu kan kira shi sanyin ƙashi, wasu su ce jijiya ce ta hau, wasu kuma su fara zargin jifa. Likitoci suna kiransa sayatika, littattafan magani na Larabci kuma irƙun nasa.

Mece ce wannan jijiya?

Jijiyar da ciwon ke bi ita ce mafi tsawo da kauri a jikin ɗan Adam. Saiwoyi biyar ne ke fitowa daga ƙasan ƙashin baya su haɗu su zama ita, sannan ta ratsa ɗuwawu ta gangara bayan cinya, ta rabu a wajen gwiwa, rassanta su kai har yatsun ƙafa. Kowace ƙafa tana da tata.

Tsakanin ƙasusuwan baya akwai wani faifan guringuntsi mai laushi a ciki, wanda ke aiki kamar matashi don kada ƙashi ya gogi ƙashi. Idan bayan faifan ya tsage, abin da ke cikinsa ya kan bullo ya danne saiwar jijiyar, wurin ya kumbura. Wannan ne sanadin kusan kashi 90 cikin 100 na masu ciwon. A wajen dattawa kuma sau da yawa ramin da jijiyoyi ke bi ne ke ƙuntata saboda shekaru.

Shi ya sa mai ciwon ke ta shafa man zafi a cinya da sha-raba ba ya jin sauƙi mai ɗorewa. A ƙafa ake jin zafin, amma matsalar tana ƙugu.

Abin da ya bambanta shi da ciwon baya na gajiya shi ne yawanci ƙafa ɗaya yake kamawa, zafin ƙafar ya fi na bayan, kuma yakan zo da mindirewa ko jin kamar ana tsira allurai. Ya fi kama masu shekara 30 zuwa 50, wato masu ƙarfin da gida ya dogara da su.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 619 ne suka yi fama da ciwon ƙasan baya a 2020, kuma ana hasashen za su kai miliyan 843 nan da 2050. Shi ne kan gaba a duniya cikin abubuwan da ke naƙasa mutane su kasa aiki.

Me ya sa masu aikin fadama?

Aiki a wannan yanki ba ya tsayawa da ɗaukewar damina. Kogin Haɗeja da reshensa da ya bi ta Kafin Hausa suna ba da damar noman rani, ga aikin ban ruwa na kwarin Haɗeja a Auyo mai maƙwabtaka, wanda tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari ya ƙaddamar bayan gyara a farkon 2023. Ana gama shinkafa a shiga alkama da kayan lambu, a tudu kuma ga gero da riɗi. Wannan alheri ne ga aljihu, amma bayan manomi ba ya samun hutu.

Abubuwan da likitoci suka sani suna jawo tsagewar faifan duk suna cikin wannan rayuwa: ɗaga kaya mai nauyi a sunkuye, murɗa jiki da kaya a hannu, daɗewa a duƙe da fartanya mai gajeren ƙota, da jijjigar babur ko tarakta a hanya mai gargada. Masu sarar kacalla a magudanan ruwa da masunta masu jan taru da 'yan dako a kasuwa duk suna ciki. Shan taba da ƙiba suna ƙara haɗarin.

Mata ma ba su tsira ba. Daka da surfe, wanki a durƙushe, shara da gajeriyar tsintsiya, ɗaukar jarka da goyo a baya, duk nauyi ne a kan ƙugu, kuma juna biyu kan tayar da ciwon.

Kwanciya ba ta warkar da shi

Abu na farko da mai ciwon ke yi shi ne ya kwanta ya ƙi motsi. Wani bincike da aka yi a ƙasar Holan aka wallafa a 1999 ya gwada wannan: an sa wasu masu ciwon kwanciya ta mako biyu, wasu kuma aka bar su suna harkokinsu gwargwadon iko. Waɗanda suka kwanta ba su riga sauran warkewa ba.

Yawancin masu ciwon suna samun sauƙi cikin mako huɗu zuwa shida ba tare da tiyata ba, ko da yake wasu kan ɗauki watanni. Sau da yawa jiki da kansa ke tsotse abin da ya bullo daga faifan a hankali.

Don haka shawarar likitoci ita ce a huta kwana ɗaya ko biyu idan zafin ya yi tsanani, sannan a tashi a riƙa tattaki kaɗan-kaɗan, ana ƙarawa kullum. Doguwar kwanciya tana raunana naman baya da na ciki, waɗanda su ne ke tallafe ƙashin.

Kemis da ƙoda

Manomin da ke da shuka a gona ba ya iya jiran mako shida. Sai ya nufi kemis ko mai tallar magani a kasuwa, a ƙulla masa haɗi a leda, ƙwayoyi huɗu ko biyar waɗanda bai san sunansu ba. Ya sha da safe ya tafi gona, ya ƙara da dare.

Magunguna irin su ibuprofen da diclofenac da piroxicam dangi ɗaya ne. Suna rage zafi da kumburi, kuma likita kan rubuta ɗaya daga cikinsu na ɗan lokaci. Haɗa biyu ko uku a lokaci guda ba ya ƙara sauƙi, illa kawai yake ninkawa. Shan su na tsawon watanni yana jawo gyambon ciki da zubar jini a ciki, yana ta da hawan jini, yana kuma lalata ƙoda, musamman ga wanda ke aiki cikin rana yana zufa ba ya shan isasshen ruwa.

Wannan gargaɗi ya fi nauyi a nan, domin yankin Haɗeja da na Gashuwa a Yobe sun daɗe suna fama da yawan masu ciwon ƙoda. Wanda ya lalata ƙodarsa garin neman sauƙin ƙafa ya bar ciwon da kan tafi da kansa ya ɗauko wanda ke buƙatar wankin ƙoda. Mai olsa, mai hawan jini, mai ciwon ƙoda da mai juna biyu kada su sha waɗannan magunguna sai likita ya ce.

Sai kuma tramadol. Binciken amfani da ƙwayoyi na 2018 da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya gano 'yan Najeriya miliyan 4.6 sun sha irin waɗannan magunguna ba bisa umarnin likita ba. Wanda ya fara sha don ya iya ƙarasa aikin gona yana iya wayar gari ba ya iya fita sai da ita. A ƙa'idojin da ta fitar a Disambar 2023 kan ciwon baya mai daɗewa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a riƙa amfani da wannan dangin magani.

Pregabalin ma, wanda ake yawan bayarwa da sunan maganin jijiya, an gwada shi a Ostireliya a kan masu sayatika 209, aka wallafa sakamakon a 2017. Bai fi ƙwayar da ba magani a cikinta rage zafin ƙafa ba, sai dai ya fi ta jawo jiri.

Allura a ɗuwawu a hannun wanda bai ƙware ba wani haɗarin ne daban. Jijiyar ta nan take bi, kuma idan allura ta same ta tana iya barin ƙafa a shanye. Likitocin Najeriya sun sha ganin haka, musamman a yara.

Ƙaho, sakiya da maɗori

Mutane da yawa kan fara da wanzami kafin asibiti. Wasu sukan ji sauƙi na ɗan lokaci bayan ƙaho ko tausa, kuma tausa mai sauƙi tana cikin abubuwan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da su. Amma ƙaho ba ya kaiwa ga faifan da ke can cikin ƙashin baya, kuma aska ɗaya ga mutane da yawa hanya ce ta yaɗa ciwon hanta da cutar HIV. Sakiya da tsaga suna barin miki, wanda ga mai ciwon suga kan ƙi warkewa.

Maɗori gwani ne a karaya, amma nan ba abin da ya karye. Taka bayan mai ciwon ko jansa da ƙarfi na iya ƙara danne jijiyar.

Abin da za a iya yi a gida

Gashi da tsumma da ruwan ɗumi a ƙugu, na minti 15 zuwa 20, yana sassauta naman da ya ɗaure. Kada ruwan ya yi zafin da zai ƙona, musamman inda fata ta mindire.

Wajen barci, a kwanta a gefe a sa matashi tsakanin gwiwoyi, ko a kwanta rigingine a sa shi ƙarƙashinsu. Wajen tashi, a juya gefe tukuna, a sauko da ƙafafu, a tura jiki da hannu.

Kada a daɗe a zaune, musamman a kujera 'yar tsuguno ko a ƙasa. A riƙa miƙewa ana ɗan takawa bayan kowane rabin awa.

Wajen ɗaga kaya, a tsuguna a lanƙwasa gwiwa, a jawo kayan kusa da jiki, a juya da ƙafafu maimakon murɗa ƙugu. Buhu da injin ban ruwa a kama su mutum biyu. A gona a riƙa miƙewa akai-akai, a sa wa fartanya da tsintsiya doguwar ƙota inda aikin ya yarda. Mace tana iya ɗora bahon wanki a kan benci ko turmin da aka kife.

Duk motsin da ya sa zafin ya ƙara gangarawa ƙafa a dakatar da shi. Idan kuwa zafin yana janyewa daga ƙafa yana komawa ƙugu, yawanci alama ce mai kyau. Likitan gashin ƙashi ne zai nuna atisayen da ya dace da kowane mutum.

Game da salla, malamai sun bayyana cewa wanda ya kasa tsayuwa yana da rangwamen yi a zaune, wanda ya kasa zama ya yi a kwance.

Alamomin da ba a kwana da su

Akwai lokacin da jira ke zama ganganci. A tafi asibiti a ranar, ko da dare ne, idan mai ciwon ya kasa yin fitsari ko ya kasa riƙe fitsari ko bayan gida, ko ya ji gabansa da duburarsa da tsakanin cinyoyinsa sun mindire, ko ciwon ya kama ƙafafu biyu, ko ƙafar tana ƙara rauni har yana jan ta, takalmi na zamewa bai sani ba. Wannan na iya nufin an danne tarin jijiyoyin da ke ƙarshen laka, kuma jinkirin kwana ɗaya ko biyu na iya barin naƙasa ta har abada. Kunya kan hana mutane, musamman mata da dattawa, faɗin irin waɗannan alamu, don haka ya kamata na kusa da su su tambaya.

Haka nan idan ciwon bayan ya zo da zazzaɓi, rama, zufar dare ko tari mai daɗewa. Tarin fuka yana kama ƙashin baya, kuma maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Wanda ciwonsa ya biyo bayan faɗuwa ko haɗarin babur, ko wanda ya taɓa yin ciwon daji, shi ma kada ya jira.

Ina za a nufa?

Matakin farko shi ne babban asibitin Kafin Hausa ko na Haɗeja. Likita kan gane ciwon daga bayanin mai shi da gwaji mai sauƙi: a kwantar da mutum a ɗaga ƙafarsa a miƙe, a duba ƙarfin yatsu da jin taɓawa. Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna faifai ko jijiya, don haka ba kowa ke buƙatarsa ba. Hoton MRI mai tsada ana yin sa ne idan akwai alamar haɗari ko ana tunanin tiyata.

Idan ana buƙatar ƙwararru, akan tura mutum asibitin Rasheed Shekoni a Dutse, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu, ko Kano, inda Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano suke.

Tiyata ta 'yan kaɗan ce. Wani binciken na Holan da aka wallafa a 2007 ya bi masu ciwon 283 da suka yi mako shida zuwa 12 suna fama. Waɗanda aka yi wa tiyata da wuri sun riga samun sauƙin ƙafa, amma bayan shekara guda sakamakon ɓangarorin biyu ya zo kusan ɗaya.

Ga magidancin da ciwon ya kama ana tsakar aiki, lissafin da ya fi wuya shi ne na wanda zai riƙe gonar. Kuɗin 'yan ƙwadago na 'yan makonni, ko roƙon 'yan uwa su yi masa gayya, ya fi arha a kan abin da zai kashe idan ƙoda ta taɓu. Wanda kuma ya cika mako shida bai ga sauƙi ba, ya tafi asibiti da ledar duk magungunan da ya sha, domin likita ya ga abin da ke cikinta.