Injin Yankan Ciyawa Ya Ƙi Tashi: Abin Da Za A Duba Kafin A Je Wurin Makanike

Da yawa daga cikin matasanmu da suka samu mafaka a Ajame da Tireshbil suna ciyar da gidajensu ne da yankan ciyawa a unguwanni irin su Kokodi da Markori. Galibi injin na haya ne ko na maigida. Idan ya ƙi tashi da safe, an yi asarar kuɗin gbaka da aikin yini, wani lokaci har da amincewar mai kaya.

Ƙaramin inji abu uku yake bukata: mai, wuta da iska. A duba su ɗaya bayan ɗaya. Wannan tsari yana aiki ga janareta da injin markaɗe ma.

Kafin komai, a zare wayar da ke kan buji, wato fulogi. Muddin tana haɗe, juya wuƙar da hannu yana iya tayar da injin, ya datse yatsu. A kawar da yara, a kashe taba.

1. Mai. A tabbatar akwai fetur a tanki kuma famfonsa a buɗe yake. Fetur da ya haura wata ɗaya a tanki yakan fara lalacewa, ya yi danƙo, ya toshe karbureta. A damina, musamman daga Mayu zuwa Yuli, ruwa yakan shiga tanki. A tsiyayo kaɗan cikin kwalba mai haske: idan da ruwa, za a gan shi kwance a ƙasa. A juye duka, a zuba sabo. Injin da ake ratayawa a kafaɗa yawanci gauraye yake sha. Da dama suna bukatar mililita 20 na baƙin mai irin nasu a kowace lita ɗaya, amma a bi abin da aka rubuta a jikinsa. Na turawa yawanci fetur zalla yake sha, wurin baƙin mainsa daban.

2. Wuta. A kwance buji. Idan ya yi baƙi, a goge shi da burushin waya. Idan ya jiƙe da fetur, mai ya yi yawa ke nan: a bar shi ya bushe, a jira minti 15. Idan farin jikinsa ya tsage, sai sabo. A tafi da tsohon shagon kayan gyara don a samu mai lamba iri ɗaya.

3. Iska. A buɗe matatar iska. Ta soso ana wanke ta da sabulu, ta bushe sarai. Ta takarda ba a wanke ta. A kakkaɓe, in ta yi baƙi a sauya.

Bayan haka a mayar da wayar buji, a rufe cok idan injin da sanyi, a danne ƙarfen da ke jikin mariƙi, sannan a ja igiya. Wanda ya manta ƙarfen nan zai yini yana ja a banza.

Idan igiya ta yi tauri, wataƙila jiƙaƙƙiyar ciyawa ce ta cushe ƙarƙashi. A sake zare wayar, a karkata injin ta yadda matatar iska za ta kalli sama, a fitar da ciyawar da sanda.

Idan duk an yi wannan bai tashi ba, ko ana jin ƙarar ƙarfe a ciki, a dakata. Kada a kwance karbureta na injin da ba naka ba. A sanar da mai shi tukuna, kuma a yi ciniki da makanike kafin ya taɓa.

Gargaɗi: kada a ajiye fetur a ɗakin kwana ko kusa da murhu, kada kuma a kunna inji ko janareta cikin ɗaki. Hayaƙinsa yana ɗauke da guba marar wari mai kashe mutum cikin barci. Idan gobara ta tashi a kira 180; don motar asibiti, 185.

Wanda ya karanta ya sanar da wanda bai karanta ba.