Zaɓen 'Yan Wasa Domin Mayar da Ruwan Bagaja Fim: Matsalar Alhaji Imam da Malam Zurƙe

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya karanta Ruwan Bagaja tun yana makaranta ya riga ya ƙera wa Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman fuska da murya a cikin zuciyarsa. Saboda haka da zarar an ta da zancen mayar da littafin fim, tambayar da takan fara zuwa bakin mutane ita ce, wa zai fito a wa? Wasu za su ɗauki wannan tambaya a kan hirar bakin titi. Amma in an lura, babu mai iya amsa ta sai wanda ya fahimci halayen taurarin littafin, watau ita ma reshe ce ta tarken adabi. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna irin ɗan wasan da kowane tauraro yake bukata, sa'an nan ta ambaci wanda ake ganin ya dace. Tun da yake zaɓe ne na zuci, an haɗa har da 'yan wasan da suka riga mu gidan gaskiya.

2.0 Littafin da Zubinsa

Abubakar Imam (1911-1981) ya rubuta Ruwan Bagaja ne domin gasar ƙagaggun labarai da Hukumar Fassara ta shirya a 1933 a ƙarƙashin Dokta R. M. East. A lokacin yana da shekara 22, yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina. Gasar nan ce kuma ta haifar da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi.

Zubin littafin labari ne cikin labari. Koje Sarkin Labari ya iso Kwantagora, inda ya tarar da Alhaji Imam ya zama dattijo mai wadata, shi kuwa ya kwashe labarin yawon da ya yi na neman ruwan da zai warkar da ɗan Sarki ya gaya masa. Abin da ya fitar da shi daga gida shi ne wulaƙancin da aka yi wa Liman, mijin mahaifiyarsa, don ya ce akwai wannan ruwa. To, amma mafi yawan shafukan littafin ba a kan ruwan suke ba. A kan gamuwar Imam da Zurƙe suke gari bayan gari, yau wannan ya cuci wancan, gobe wancan ya rama.

Sanannen abu ne ga manazarta cewa Imam ya amfana da Muƙamatul Hariri wajen wannan tsari. Sai dai akwai bambanci. A wurin Hariri, Abu Zaidi shi ne mai wayo, Harisu ɗan Hammamu kuwa mai ba da labari ne da ke kallo. Abubakar Imam ya mai da mai ba da labarin da abokin gamuwarsa duka biyu mayaudara. A nan matsalar zaɓen 'yan wasa ta samo tushe.

3.0 Darasi Daga Shaihu Umar

Daga cikin littattafan gasar 1933, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya bi hanyar da ta kamata a duba. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay sun mai da shi wasan kwaikwayo, aka buga a 1975. A 1976 Adamu Halilu ya shirya fim ɗinsa, Umaru Ladan ya fito a Shaihun, aka kuma nuna shi a bikin Festak na 1977 a Legas.

Shi ma wannan littafi dattijo ne ke ba da labarin rayuwarsa. Amma Shaihu Umar mutum ne mai halin kirki tun daga farko har ƙarshe, don haka abin da ake nema ga ɗan wasa shi ne natsuwa da kwarjini. Mai kallo ba ya bukatar a lallashe shi kafin ya so shi. Alhaji Imam kuwa sai an lallashi mai kallo, ga kuma dalili.

4.0 Manyan Taurari Biyu

4.1 Alhaji Imam

A cikin littafi, da bakin Imam muke jin kome. Shi ke zaɓen abin da zai faɗa da yadda zai faɗe shi, daɗin bakinsa kuma shi ke sa mai karatu ya yafe masa. Na'urar ɗaukar hoto kuwa ba ta da ɓangare. Ɗauki gamuwarsu ta farko alal misali. Imam ya sauka wani gari yana cin abinci da sunan malanta alhali ba shi da karatun. Zurƙe, wanda ya fi shi sani nesa ba kusa ba, ya zo aka haɗa su muƙabala a gaban jama'a. Imam ya zana wani lanƙwasasshen layi a ƙasa ya ce a karanta. Zurƙe ya yi ta kawo sunayen haruffa, Imam ya ce ai tsayuwar wata ce. Mutanen gari, da yake wata suka sani ba harafi ba, suka ba Imam gaskiya, aka kori Zurƙe. A takarda wannan abin dariya ne. A allon sinima kuwa, abin da ido zai gani shi ne jahili ya tozarta malami. In ɗan wasan da ya fito a Imam ba shi da farin jinin da zai sa a bi bayansa duk da haka, fim ɗin ya mutu tun daga nan.

Har ila yau, Imam biyu ne: dattijon da ke zaune da Koje, da saurayin da ke yawon duniya. Ga dattijon, babu kamar marigayi Kasimu Yero (ya rasu a 2017). Wanda ya gan shi a wasan Magana Jari Ce na talabijin ya san yadda Hausar Abubakar Imam take zama a bakinsa, ya kuma san yana iya murmushin da ke nuna cewa mai magana ya san inda ya ƙara gishiri. Muryarsa ce ya kamata ta riƙa ratsa fim ɗin tana haɗa gari da gari, don ita ce za ta maye gurbin daɗin bakin da ke cikin littafi.

Ga saurayin kuwa, Sadiq Sani Sadiq ya cancanta. Fitowarsa a Mati, musamman a Mati a Zazzau (2020), ta nuna yana iya yin damfara da fuskar marar laifi, mai kallo yana ganin ƙaryar yana kuma fatan kada a kama shi. Wannan shi ne ainihin abin da matsayin ke nema.

4.2 Malam Zurƙe ɗan Muhamman

A nan ne aka fi saurin yin kuskure. Da yake sunan Zurƙe kansa yana sa dariya, da yawa za su ce a ba ɗan barkwanci, su kuma ambaci marigayi Rabilu Musa Ibro (ya rasu a 2014). Babu mai musun gwanintar Ibro, amma irin barkwancinsa a jikinsa yake, da ya bayyana an fara dariya tun bai buɗe baki ba. Zurƙe kuwa dole ne ya shigo a malami sosai, da rawani da littattafai da nauyin magana, har mai kallo ya gaskata cewa shi ke da gaskiya a muƙabalar nan. Sai ya faɗo daga wannan matsayi ne ramuwarsa za ta yi ma'ana. Wawa ba ya jin zafin tozarci irin wanda zai sa ya yi shekaru yana neman fansa. Mai ilmin da aka kunyata a gaban jahilai shi ke jin wannan.

Bugu da ƙari, Zurƙe yakan sake kama daga gari zuwa gari, ya ɓullo a wata sana'a ko wani hali dabam. Ana bukatar ɗan wasan da zai zama mutum da yawa, amma idonsa ya kasance ɗaya, yadda mai kallo zai gane shi daidai lokacin da Imam ya gane shi. Wanda ya fi cika waɗannan sharuɗɗa shi ne Rabi'u Rikadawa. Yana fitowa a dattijon kirki a yarda da shi, ya kuma fito a Baba Ɗan Audu cikin shirin Labarina, inda ya nuna yadda ake cuta da ladabi da daɗin baki. Ga shi kuma sun riga sun haɗu da Sadiq a Mati a Zazzau.

Sharaɗi na ƙarshe shi ne daidaito. Kokawar Imam da Zurƙe irin ta ƙarfi ɗaya ce, shi ya sa ta ƙare da abota. In ɗaya ya danne ɗaya a wasa, sulhun ƙarshe zai zama kamar jinƙai, alhali a littafi girmamawa ce tsakanin gwani da gwani.

5.0 Sauran Taurari

Saƙimu, ɗan uwar Imam, shi ne mugu na haƙiƙa a littafin, muguntarsa kuwa ba ta da dariya a ciki. Samuwarsa ce ke nuna wa mai karatu cewa cutar da ke tsakanin Imam da Zurƙe wasa ce. Shu'aibu Lawan Kumurci, wanda ya yi suna a fitowar mugu, zai riƙe wannan matsayi. Liman yana bukatar wanda in an ci mutuncinsa a fada mai kallo zai ji ciwo, domin wannan ciwo ne dalilin tafiyar duka. Kabiru Nakwango ya daɗe yana fitowa a malami mai faɗar gaskiya. Yaƙutatu, mahaifiyar Imam, ta dace da Hajara Usman, Sarki kuwa da Ibrahim Mandawari. Zandoro ɗan Zotori matsalarsa ta mai ɗaukar hoto ce fiye da ta mai zaɓen 'yan wasa, don tsawonsa sai da dabarar na'ura.

Su kuwa 'yan barkwanci, gurbinsu yana cikin mutanen garuruwan da ake yi wa wayo, watau fadawa da 'yan kasuwa da masu gardama a bakin hanya. A nan ne irin su Ibro za su yi armashi ba tare da sun karkatar da jigon labarin ba.

6.0 Kammalawa

An ga cewa abin da ke riƙe da Ruwan Bagaja shi ne magana, don haka da kunne ya kamata a fara zaɓen 'yan wasansa kafin ido. An kuma ga cewa littafin ya juya abin da aka saba: tauraron da ake so shi ne ya fara cuta, abokin hamayyarsa kuwa shi ne mai ilmin. Mai shirya fim da bai lura da wannan ba zai ba Imam ga kyakkyawan saurayi, ya ba Zurƙe ga wawa, ya fito da labarin da Abubakar Imam bai rubuta ba. Sunayen da aka kawo a nan ana iya saɓawa a kansu, kuma ya kamata a saɓa. Malaman adabi za su iya jarraba ɗalibansu da irin wannan tambaya a kan Ganɗoki ko Jiki Magayi, domin ɗalibin da ya iya kare zaɓensa na wanda zai fito a Abubakar ko Malam Shaihu, lalle ya karanta littafin da idon basira.