Takardar neman mafaka a Amurka ba izinin zama ba ce

Baƙi da yawa da suka shiga Amurka da bizar ziyara suna samun shawara iri ɗaya daga waɗanda suka riga su zuwa: a fara shigar da takardar neman mafaka, sauran a gyara daga baya. Shawarar tana da daɗin ji, domin wanda ya cike fom mai lamba I-589 galibi ba a korarsa sai an saurari ƙorafinsa, kuma a ƙa'idar da aka daɗe a kanta yana iya neman izinin aiki bayan kwana 150. Layin ma dogo ne. A ƙarshen 2023, shari'o'in da suka taru a kotunan shige da fice sun haura miliyan 3. Sai dai dokar Amurka ba ta ɗauki mai jiran hukunci a matsayin mai izinin zama ba. Yana zaune ne a zaure, ba a kore shi ba, ba a kuma ce ya shigo cikin gida ba. Rashin gane wannan bambanci shi ke jefa mutane cikin asara.

Ɗauki mai bizar ziyara da aka buga masa wata 6 a filin jirgi. Idan ya samu gurbin karatu yana so ya koma bizar ɗalibi, dole ya nemi canjin kafin wa'adin nan ya cika. Takardar mafaka ba ta ƙara masa ko kwana ɗaya a kan bizar. Da zarar wa'adin ya wuce, wannan hanya ta toshe, ko da katin izinin aikinsa na cikin aljihu. Haka abin yake ga wanda kamfani ke son ɗaukar nauyinsa, domin sassaucin da doka ta yi wa ma'aikata bai wuce kwana 180 na zama babu izini ba. Mutum ya shekara 3 yana jiran ganawa da jami'in mafaka, ai ya daɗe da wuce wannan iyaka. Ya ce zai fita ya karɓo biza a waje ya dawo, nan ma da tarko: wanda ya bar ƙasar ba tare da takardar izinin dawowa ba, ana ɗaukarsa ya yi watsi da ƙorafinsa, balle kuma a ce ƙasar da ya ce yana gudu ya koma.

Mai musu zai ce ai ga wane da wance sun yi aure sun samu katin zama na dindindin alhali ƙorafinsu na nan a ajiye. Gaskiya ne, kuma ita ce hanya mafi faɗi da ta rage. Doka ta yafe wa miji ko matar ɗan ƙasa, da iyayen ɗan ƙasa mai shekara 21 zuwa sama, laifin wuce wa'adin biza. Amma da sharaɗi: sai wanda jami'i ya tantance a bakin iyaka ya ba shi izinin shiga. Wanda ya tsallako ta ɓarauniyar hanya daga Meksiko, aure kaɗai ba ya wadatar da shi. Idan kuma an riga an miƙa shari'arsa gaban alƙali kafin a ɗaura auren, doka ta wajabta masa kawo ƙwaƙƙwarar hujja cewa auren na gaskiya ne: hayar gida da sunan su biyu, asusun banki na haɗin gwiwa, takardar haihuwar 'ya'ya. Wanda aka kama da auren bogi, ba a sake amincewa da wata takardar ɗaukar nauyinsa har abada.

Abin da masu ba da shawarar can ba sa faɗa shi ne, tsohuwar takarda ba ta mutuwa. Jami'in da zai yi wa ma'aurata tambayoyi yana da fayil ɗin mafakar a gabansa, yana duba ranar haihuwa, da yawan 'ya'ya, da ko an taɓa ambata wata mata a gida. Janye ƙorafin ba ya goge abin da aka rantse a kai, kuma idan alƙali ya tabbatar da gangan aka ƙirƙiri labarin, doka ta haramta wa mutum duk wata alfarmar shige da fice har ƙarshen rayuwarsa. Wanda ake tsangwama da gaske saboda addini, launin fata, ƙasar asali, ra'ayin siyasa ko rukunin jama'ar da ya fito, ya nemi mafaka cikin shekara 1 da isowarsa, haƙƙinsa ne. Wanda kuwa karatu ko aiki ya kai shi, ya ga lauya mai lasisi tun bizarsa na da rai, kuma kada ya sa hannu a kan labarin da wani ya rubuta masa.