Dajin Ƙasarmu Jiya da Yau

Ina so in yi ɗan bayani a kan yadda dajin ƙasarmu Nijeriya yake ta raguwa. Wanda ya jawo hankalina ga wannan magana kuwa kakana ne. Wata rana da hutu na raka shi gona, sai ya tsaya a bakin wata tsohuwar rijiya ya ce da ni, "Ka ga nan? Sa'ad da nake kamarka, in rana ta faɗi ba mai wuce wurin nan, don tsoron kuraye." Na duba gabas, na duba yamma, ban ga kome ba sai gonaki da kututture, da wata kuka guda ɗaya can nesa. A raina na ce, tsofaffi dai ba su rasa sa wa labari gishiri.

Da muka komo makaranta na kai wa malaminmu na Labarin Ƙasa maganar. Bai yi gardama da ni ba, sai ya nuna mini ƙididdigar da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a shekarar 2020. Bisa ga wannan ƙididdiga, a 1990 Nijeriya tana da daji mai faɗin hekta miliyan 26.5, watau kashi 29 bisa ɗari na ƙasar. A 2000 ya koma miliyan 24.9, a 2010 miliyan 23.3, a 2020 kuwa saura miliyan 21.6, bai ma cika kashi 24 bisa ɗari ba.

Malam ya ce in ɗauki alli in yi lissafin da kaina. Cikin shekara 30 mun rasa hekta kusan miliyan 5. Da na raba, sai na sami wajen hekta 163,000 a shekara, watau hekta 447 ke nan a kowace rana ta Allah. In an kwatanta da filin ƙwallonmu, ya fi fili 600 daga wayewar gari zuwa wata wayewar. Nan na ji kunyar abin da na raya game da kakana.

To, sai dai ba kowane jeji ne ake kira daji a wannan lissafi ba. Sai wurin ya wuce rabin hekta, itatuwansa sun fi mita 5 tsawo, inuwarsu kuma ta rufe fiye da kashi 10 bisa ɗari na wurin. Gona kuwa, ko da cike take da ɗorawa da kaɗanya, ba a sa ta ciki. Ku riƙe wannan, zan komo kansa.

Ina dajin ya tafi? Mafi yawansa gona ya zama. A ƙidayar 1991 mutanen Nijeriya wajen miliyan 89 ne, a ta 2006 sun kai miliyan 140, yanzu kuwa sun haura miliyan 200. Kowane baki yana son tuwo, ƙasa kuwa ba ta haihuwa. A da manomi yakan bar gona ta huta har ta zama saura, itatuwa su sake tashi. Yau wa ke da gonar bari? A kudu, kurmi ya tafi wajen gonakin koko da masu yankan katako. A Taraba kuwa, shekarun da suka biyo bayan 2010, an yi ta sarar madobiya ana loda ta zuwa ƙasar Sin.

Sai maganar itacen wuta da gawayi, kuma a nan ba zan nuna kowa da yatsa ba. Duk wanda ya taɓa zagayawa bayan kicin ɗinmu ya ga tulin itacen da mota ke saukewa. Da shi ake dafa waken da muke rububi a kansa. Marke ne da ƙirya, waɗanda suka daɗe a tsaye tun ba a haife mu ba, mu kuwa mu cinye su cikin mako guda.

Ba a zauna haka kawai ba. Tun zamanin Turawa aka keɓe gandun daji, En'e ta sa malaman daji su tsare. Bayan farin 1973 aka himmatu ga dashen itatuwa a arewa, a 2007 kuma ƙasashen Afirka suka amince da shirin babbar katangar itatuwa don tare hamada. Amma mu da muke dasa darbejiya kowace damina mun san ƙarshen yawancinsu. Ranar dashe a yi tafi, kafin bazara awaki sun gama da su.

Abin da ya fi burge ni a maƙwabtanmu na Maraɗi ya faru, cikin Jamhuriyar Nijar. Daga 1983 wani mutumin Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa kututturen da ke gonaki ba matattu ba ne, saiwarsu na nan da rai. Sai manoma suka daina sare tohon duka lokacin sharar gona. Sukan zaɓi masu ƙarfi su bari, su sassabe sauran. Ba a sayi iri ba, ba a yi ban ruwa ba. An ƙiyasta cewa ta haka itatuwa kamar miliyan 200 suka tashi a gonaki masu faɗin hekta miliyan 5, kusan daidai da abin da muka rasa. Ga shi kuma, da yake a gonaki suke, lissafin daji bai san da su ba. Amma mai gona ya sani, domin gawo yakan kaɗe ganyensa da damina ya bar wa gero rana, da rani kuma ya ba dabbobi abinci.

Da na sake zuwa gida na bi gonarmu na ƙirga kututture 14 masu toho, yawancinsu kalgo da sabara, biyu gawo. Na roƙi Baba a bar su. Ya ce za su tara masa tsuntsaye su cinye gero. Muna cikin haka kakana ya sa baki, aka shirya a kan a bar shida, har da gawon nan biyu. Na ɗaura musu tsumma ja don kada masu sharar gona su manta.