Yadda Ake Naɗar Sautin da Ke Fitowa Daga Cikin Kwamfuta

Wannan bayani mun shirya shi ne domin jami'an yaɗa labarai na ƙananan hukumomi, malaman gona, ma'aikatan lafiya, da duk wanda aka ɗora wa nauyin isar da saƙo ga jama'ar karkara. Kamar yadda aka sani, da yawa daga cikin bayanan da suka shafi manoma da makiyaya ta intanet suke fara fitowa: shirye-shiryen gidajen rediyo, tarurrukan bita da ake yi ta Zoom, da sanarwa irin ta hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa a farkon kowace shekara. Jami'in da ke sakatariya yakan saurare su a kwamfutar ofis, amma mutanen da aka yi bayanin dominsu suna ƙauyukan da layin waya ma sai an hau tudu ake samunsa.

Abin da aka saba yi shi ne a kara wayar hannu a bakin lasifikar kwamfuta a ɗauki muryar. Wayar kuwa ba ta zaɓen abin da za ta ji. Takan haɗa da rugugin janareto, da ƙarar fanka, da sallamar mai shigowa ofis. Idan aka kai ƙauye aka kunna a ƙofar gidan dagaci, muryar takan fito a dakushe. Ga hira ko nishaɗi wannan ba wata asara ba ce. Amma inda malamin gona ke faɗin yawan maganin feshin da za a zuba a ruwa, aka kasa bambance talatin da tamanin, ko sittin da tis'in, to gonar mutum ce za a ƙona, kuma sunan ƙaramar hukuma ne zai ɓaci.

Akwai hanyar da ta fi wannan, kuma ba ta buƙatar sayen wata na'ura. Kafin sauti ya fito ta lasifika, a cikin kwamfuta lissafi ne kawai, jerin lambobi. Kowace manhaja da ke fitar da sauti tana aika nata lambobin zuwa wuri guda inda Windows ke haɗa su, daga nan a miƙa wa katin sauti, shi kuma ya mayar da su wutar da ke girgiza lasifika. Manhajar naɗar sauti tana iya tare waɗannan lambobi tun kafin su kai ga lasifika, ta kwafe su cikin fayil. Waɗanda suka yi zamanin rikoda mai baki biyu za su tuna yadda ake kwafar kaset zuwa kaset: ko ana biki a ɗakin, hayaniyar ba ta shiga, domin saƙon ta cikin waya yake bi. Haka abin yake a nan, sai dai ya fi kwafar kaset tsabta.

A zamanin Windows XP, galibin katunan sauti suna da wata kafa mai suna Stereo Mix, kamfanin Creative kuma yana kiran tasa What U Hear. Daga fitowar Windows Vista a 2007 aka riƙa ɓoye wannan kafa, wasu kwamfutocin ma ba sa zuwa da ita sam. Mai son dubawa sai ya shiga Control Panel, ya buɗe Sound, ya zaɓi shafin Recording, ya danna ɓangaren dama na linzami a fili, ya zaɓi Show Disabled Devices. Idan Stereo Mix ta bayyana, sai ya kunna ta. Idan ba ta bayyana ba, kada a ɓata lokaci wajen nemanta, domin Vista ɗin ta zo da wani sabon tsarin sauti mai suna WASAPI, wanda ke ba manhaja damar kwafar duk abin da ake aikawa ga lasifika. Wannan tsari yana cikin Windows 7, 8, 10 da 11, kuma shi muke ba da shawarar a yi amfani da shi.

Manhajar da muka fi gamsuwa da ita a wannan aiki ita ce Audacity. Dominic Mazzoni da Roger Dannenberg ne suka fara rubuta ta a Jami'ar Carnegie Mellon da ke Amurka a 1999, aka fitar da ita ga jama'a a shekarar 2000. Kyauta ce, don haka duk wanda ya nemi kuɗin lasisinta a hannun ƙaramar hukuma, a binciki maganarsa. A sauke ta daga shafin masu ita kawai, saboda kwafin da ke yawo a filashi daga ofis zuwa ofis yakan zo da cutar kwamfuta.

Bayan an buɗe Audacity, a danna maɓallin Audio Setup da ke sama. A ƙarƙashin Host a zaɓi Windows WASAPI. A ƙarƙashin Recording Device a zaɓi sunan lasifikar da aka rubuta kalmar loopback a ƙarshensa, sannan a bar tashoshin naɗa a kan 2. A tsofaffin Audacity waɗannan zaɓuɓɓuka suna jere ne a kan wani layi a saman allo, amma sunayensu ɗaya ne. Daga nan sai a fara kunna shirin da ake son ɗauka, a danna jan maɓalli. Idan igiyar sauti ta fara zanuwa a allo tana hawa da sauka, aiki ya kankama.

A nan ne muke son jawo hankalin jami'anmu, domin yawancin matsalolin daga ƙananan abubuwa suke tasowa. WASAPI ba ya naɗar komai sai akwai sautin da ke gudana. Wanda ya danna jan maɓalli alhali kwamfuta tana shiru zai ga layin ya tsaya cik, ya ɗauka manhajar ta lalace, alhali jiran sauti take yi. Haka kuma, idan da abin sawa a kunne ake saurare, to sunansa za a zaɓa a wurin loopback, ba sunan lasifika ba, kuma kada a zare shi ana cikin naɗa. Akwai kuma wani zaɓi a ƙarƙashin Transport da ke mayar da abin da ake naɗa zuwa lasifika don mai aiki ya ji. Dole a kashe shi, in ba haka ba sautin zai riƙa komawa kansa yana amsa kuwwa har ya zama ƙara mara ma'ana.

Sannan a tuna cewa manhajar na kwafar duk abin da kwamfuta ta furta. Ƙarar shigowar saƙon WhatsApp, gargaɗin cewa batir ya yi ƙasa, tallar da ta faɗo a wani shafin da aka bari a buɗe, duk za su shiga cikin jawabin. Kafin a fara, a rufe duk abin da ba a buƙata. Ƙarfin muryar shirin kuma a sa shi tsaka-tsaki: idan ma'aunin da ke saman allo yana yawan taɓa ja, muryar za ta fashe, kuma babu gyaran da zai dawo da ita daga baya. Mu kan yi gwajin minti 1 mu saurara kafin babban shiri ya fara.

Game da taron Zoom akwai abin lura na musamman. Wannan hanya tana ɗaukar muryoyin sauran mahalarta ne kawai. Muryar mai kwamfutar, da yake ta makirufo take fita, ba za ta shiga ba, sai a ji amsa babu tambaya. Zoom na da nasa maɓallin naɗa wanda ke ɗaukar kowa, idan mai kiran taron ya ba da izini. Neman wannan izini ya fi sauƙi, ya kuma fi mutunci.

Idan an gama, a danna maɓallin tsayawa, a yanke shirun farko da na ƙarshe, sannan a shiga File a zaɓi Export. Adana aikin da Save Project kaɗai ba ya samar da fayil ɗin da waya ko rediyo za su kunna. Audacity ce kawai ke buɗe shi. Jami'i ya tafi ƙauye mai nisan kilomita 40 da irin wannan fayil, ga jama'a sun taru, ba ƙaramin abin kunya ba ne.

Batun girman fayil ma yana da muhimmanci ga mai ƙaramin memori. Nau'in WAV yakan ci kimanin megabait 10 a kowane minti, wato sama da megabait 600 a awa 1. Nau'in MP3 a kan ma'aunin 128 yakan ci kusan megabait 1 a minti. Ga magana zalla, MP3 mai tasha 1 a kan 64 ya wadatar, kuma awa 1 ba za ta wuce megabait 30 ba, abin da za a iya turawa daga waya zuwa waya ta Bluetooth, ko a sa a memori a kunna a ƙaramar rediyo. Tun daga 2019 Audacity na fitar da MP3 da kanta, ba sai an nemo wani ƙarin fayil kamar da ba. A lokacin naɗa kuwa takan ci sama da gigabait 1 a awa, don haka a tabbatar akwai fili a kwamfutar. Inda wutar lantarki ba ta da tabbas, kwamfutar tafi-da-gidanka mai cikakken caji ta fi ta tebur amfani.

Masu kwamfutar Apple sukan buƙaci wata ƙaramar manhaja mai suna BlackHole, masu Linux kuma za su zaɓi kafar da sunanta ya fara da Monitor. A wayoyi, tun daga Android 10 da ta fito a 2019 ana iya naɗar sautin ciki, sai dai wasu manhajoji na hanawa, kuma ba a ɗaukar kiran waya ta wannan hanya.

Sauƙin naɗa bai mayar da abin da aka naɗa mallakin mai naɗawa ba. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, tana kare waƙoƙi, finafinai da shirye-shiryen gidajen rediyo. Kwafar waƙar mawaƙi ko sautin fim ana turawa mutane don kuɗi cin haƙƙi ne, kuma bai dace a yi shi da kwamfutar gwamnati ba. Idan shirin gidan rediyo ake son kunna wa jama'a a dandali, a rubuta wa gidan a nemi izini. Har ila yau, sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin maganganun mutane ta waya, ga kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023. Saboda haka ba a naɗar muryar mahalarta taro a ɓoye. A sanar da su tun farko, a kuma faɗa musu inda za a kai muryar.

Kowane fayil a sa masa suna mai ɗauke da batun da kwanan wata. Mun fi so jami'i ya faɗi ranar da sunan mai jawabin da bakinsa, ya naɗa ta makirufo, ya liƙa a farkon fayil ɗin. Murya takan daɗe tana yawo a wayoyi, kuma hasashen daminar bara idan ya dawo hannun manomi bana babu kwanan wata, zai iya sa shi ya yi shuka ba a kan lokaci ba. A ajiye kwafi 1 a kwamfutar ofis, wani kuma a filashi a hannun shugaban sashen yaɗa labarai.